Darasin Wannan Wata: Ranar 'Yancin Kwango da Shahidanta Uku

Karatu kafin darasi: Fitowa 1:8-14; Maimaitawar Shari'a 24:17-22; 1 Sarakuna 12:1-19; Luka 23:33-34.

GABATARWA

Ranar 30 ga watan Yuni na kowace shekara mutanen Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango sukan yi bikin samun mulkin kai daga hannun ƙasar Beljiyam. A shekarar 1960 suka samu, watau wata uku kafin mu a Nijeriya mu sami namu. Ba a daɗe ba rikici ya ɓarke a can, har aka tura sojojinmu cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 1964 ɗan ƙasarmu, Janar Aguiyi-Ironsi, shi ne ya shugabanci rundunar baki ɗaya. Saboda haka labarin Kwango ba baƙon labari ba ne a gidajenmu.

Wani zai ce, me ya kai mu tonon abin da ya wuce, alhali kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba? Amsarmu ita ce, Allah da kansa ya umarci jama'arsa su riƙa tuna bautar da suka yi a Masar, ya kuma faɗi dalili. Wannan dalilin muke so mu bincika, ta wurin tarihin Kwango da rayuwar 'ya'yanta uku waɗanda Ikkilisiya ta ayyana su Masu Albarka.

1. ƘASAR DA TA ZAMA GONAR MUTUM ƊAYA

Daga watan Nuwamba na 1884 zuwa Fabrairu na 1885 manyan ƙasashen Turai suka zauna a birnin Barlin na Jamus domin shirya yadda za su mallaki Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Babu ɗan Afirka ko ɗaya a zaman. Kafin wannan, Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riga ya aiki wani matafiyi, Henry Morton Stanley, ya bi kogin Kwango yana sa sarakunan gargajiya su sa hannu a takardun da ba su iya karantawa ba. Da waɗannan takardu, da alkawarin cewa zai hana cinikin bayi ya kuma kawo wayewar kai, Leopold ya sami amincewar sauran ƙasashe. A 1885 ƙasar da ta ninka Beljiyam fiye da sau 70 ta zama mallakarsa shi kaɗai, ba ma ta gwamnatin ƙasarsa ba. Har ya mutu bai taɓa taka ta ba.

Da farko hauren giwa ake kwasa. Amma bayan da aka ƙago tayar da ake hura wa iska a 1888, duniya ta shiga neman danƙo ruwa a jallo, dazuzzukan Kwango kuwa cike suke da kurangar da ke ba da shi. Sai aka yanka wa kowane ƙauye adadin danƙon da zai kawo. Idan bai cika ba, sojoji su kama mata da yara su tsare har mazan su dawo daga daji da cikon, ko su ƙone ƙauyen. Ana ba sojojin harsashi da ƙidaya, ana kuma neman shaidar cewa kowane harsashi mutum ya kashe, shaidar kuwa ita ce hannun dama na wanda aka harbe. Da haka aka yi ta yanke hannuwa, har da na masu rai, har da na ƙananan yara. Horon yau da kullum shi ne bulalar da aka yi da busasshiyar fatar dorina. Gonaki suka zama kufai, yunwa da cututtuka suka biyo baya. Masana tarihi sun yarda cewa miliyoyin mutane ne suka hallaka, wasunsu ma sun ƙiyasta miliyan 10.

Allah bai bar kansa ba shaidu. A 1890 wani baƙar fatar Amurka, George Washington Williams, ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa yana lissafa abin da ya gani. Wani akawun kamfanin jiragen ruwa, Edmund Morel, ya lura cewa jirage suna zuwa daga Kwango maƙare da danƙo da haure, suna komawa da bindigogi da harsasai, sai ya gane cewa wannan ba ciniki ba ne. A 1904 wakilin Ingila a ƙasar, Roger Casement, ya fitar da rahoton da ya tabbatar da zancen. Surutu ya yi yawa, har a 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun sarkin. Yanke hannu ya ragu, amma aikin tilas da bulala da bambancin launin fata suka ci gaba shekara da shekaru.

2. INA IKKILISIYA TAKE A LOKACIN?

Gaskiya ɗaci gare ta, amma mu da muke zuwa wurin furta zunubi bai kamata mu ji tsoronta ba. 'Yan mishan na Katolika sun yi aiki mai yawa a Kwango. Sun gina makarantu da asibitoci da gidajen kutare, sun rubuta harsunan ƙasar, da yawansu sun mutu da zazzaɓi suna matasa. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa yawancinsu 'yan Beljiyam ne, gwamnatin Leopold ce take ba su filaye da taimako, har a 1906 aka ƙulla yarjejeniya a kan haka tsakaninta da fadar Paparoma. Bakin da ya ci, shi ne yake jin nauyin magana. A lokacin da ake yanke hannuwa, waɗanda suka fi ɗaga murya su ne 'yan mishan na wasu ɗariku, irin su William Sheppard da Alice Harris, wadda hotunan da ta ɗauka suka girgiza Turai. Daga ɓangarenmu an sami irin su Fada Arthur Vermeersch, wanda ya rubuta littafi a 1906 yana sukar tsarin, amma irinsa ba su da yawa, kuma sun makara.

Ko a fannin ilimi, an ba da ƙarfi ga firamare, aka yi jinkirin buɗe ƙofar gaba. Sai a 1954 aka kafa jami'a ta farko, Lovanium. An naɗa firist na farko ɗan ƙasa na wannan zamani, Fada Stefano Kaoze, a 1917, amma sai a 1956 aka naɗa bishop ɗan ƙasa, Pierre Kimbondo. A wannan shekarar ce wasu Katolika masu ilimi, waɗanda Fada Joseph Malula yake tare da su, suka fitar da takardar neman a shirya wa ƙasar hanyar mulkin kai.

Muna faɗin wannan domin mu san cewa Ikkilisiya takan yi rauni duk lokacin da ta jingina da mai mulki fiye da kima. Amma Bisharar da 'yan mishan suka kawo ta fi su ƙarfi, kamar yadda za mu gani yanzu.

3. ISIDORE BAKANJA: BULALA A HANNUN BAƘO

An haifi Bakanja wajen shekarar 1887. Yana saurayi ya je garin da yanzu ake kira Mbandaka yana aikin yaron magini. A nan ya ji Bishara, aka yi masa baftisma ranar 6 ga Mayu 1906, aka rataya masa skafula, watau ɗan ƙyallen nan na Uwargida Maryamu da ake sawa a wuya. Daga baya ya sami aiki a wata gonar danƙo ta wani kamfanin Turawa a Ikili. Ba katikis ba ne, ba kuma wanda ya aike shi, amma idan an tashi aiki yakan koya wa abokan aikinsa addu'a.

Baturen da ke kula da gonar ya ƙi jinin Kiristoci, domin yana ganin su ne suke kai wa 'yan mishan labarin abin da ake yi wa ma'aikata. Ya umarci Bakanja ya cire skafular, ya kuma daina koyar da addu'a. Bakanja ya ƙi. A 1909 aka kwantar da shi aka yi ta zuba masa bulala mai ƙusoshi har bayansa ya tsattsage, sa'an nan aka ɗaure shi da sarƙa aka ɓoye. Da aka ji mai duba ayyukan kamfanin yana tafe, sai aka kore shi zuwa daji don kada a gan shi. Amma ya ja jiki ya fito bakin hanya, mai dubawar ya gan shi, ya ɗauke shi, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani.

Miyakun ba su warke ba. Da firistoci biyu suka zo ba shi sakramenti na ƙarshe, suka roƙe shi ya gafarta wa wanda ya yi masa haka. Ya amsa musu cewa ya riga ya gafarta, kuma idan ya isa sama zai yi masa addu'a sosai. Ya rasu ranar 15 ga Agusta 1909 da rosari a hannunsa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka ranar 24 ga Afrilu 1994, a lokacin Babban Taron Bishop-bishop na Afirka a Roma.

Mu lura da abu biyu. Bakanja ya gafarta, amma bai ɓoye bayansa ba. Ya fito ya nuna miyakunsa, ya faɗi wanda ya yi da dalilin da ya sa. Gafara ta Kirista ba ta hana a faɗi gaskiya. Na biyu, Bature ne ya yi masa baftisma, Bature ne kuma ya kashe shi. Bai taɓa ɗaukar laifin ɗaya ya ɗora wa bangaskiyar da ɗayan ya kawo masa ba.

4. RANAR 30 GA YUNI 1960

Bayan tarzomar da aka yi a babban birnin ƙasar ranar 4 ga Janairu 1959, Beljiyam ta yi gaggawar miƙa mulki. A ranar bikin, Sarki Baudouin ya tashi ya yabi Leopold, ya nuna cewa 'yancin nan shi ne cikar kyakkyawan aikin da Leopold ya fara. Shugaban ƙasa Joseph Kasavubu ya yi jawabi mai taushi. Sai Firayim Minista Patrice Lumumba, wanda ba a sa shi cikin jerin masu magana ba, ya miƙe ya tuna wa taron aikin tilas, da zagi, da duka, da ƙwace filaye, da dokar da take ɗaya ga fari ɗaya ga baƙi. Ya ce 'yancin nan da gwagwarmaya aka same shi. A zaure ɗaya, a rana ɗaya, aka ba da labarin shekara 75 iri biyu.

Ƙasar kuwa ba a shirya ta ba. Waɗanda suka gama jami'a a cikin 'yan ƙasa ba su kai 30 ba, kuma babu hafsa baƙar fata ko ɗaya a cikin soja. Kafin mako ya cika sojoji suka yi tawaye. Ranar 11 ga Yuli lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle da goyon bayan Beljiyam. Ranar 17 ga Janairu 1961 aka kashe Lumumba a Katanga, aka narkar da gawarsa don kada a sami kabari. A wannan kisa akwai hannun Turawa, akwai kuma hannun 'yan ƙasa. Sai a 2001 kwamitin majalisar Beljiyam ya amince cewa gwamnatinsu tana da alhaki. A 2020 Sarki Philippe ya bayyana baƙin cikinsa a kan zaluncin zamanin mallaka, a 2022 kuma aka mayar wa iyalin Lumumba haƙorinsa guda, abin da ya rage na jikinsa ke nan.

5. BULALA TA SAKE HANNU

A 1964 'yan tawayen da ake kira Simba suka mamaye gabashin ƙasar da sunan 'yanci na biyu. Suka kwashe wasu sistoci daga gidansu suka kai su Isiro. A cikinsu akwai Sista Marie-Clémentine Anuarite Nengapeta, malamar makaranta. Wani hafsan 'yan tawayen ya nemi ya mai da ita matarsa. Ta ƙi, domin ta riga ta ba da kanta ga Almasihu. Aka doke ta, aka soke ta, aka harbe ta ranar 1 ga Disamba 1964. Kafin ta cika ta ce ta gafarta wa mai dukanta, irin gafarar da Ubangijinmu ya roƙa wa masu gicciye shi. Wanda ya kashe ta ɗan ƙasarta ne. An ayyana ta Mai Albarka a Kinshasa ranar 15 ga Agusta 1985.

A watan Nuwamba na 1965 Janar Mobutu ya ƙwace mulki, ya riƙe shi har 1997. Ya sauya wa ƙasar suna zuwa Zayar, ya ce zai kankare duk wata alamar mulkin mallaka. A 1972 ya hana sunayen baftisma, daga baya ya karɓe makarantun mishan, ya soke hutun Kirsimeti. Kadinal Malula, wanda ya fi kowa ƙoƙarin ganin an yi Misa da harshe da kiɗa da al'adun ƙasar, ya ƙi yarda a ɗaukaka shugaba kamar Allah, sai aka kore shi daga gidansa, ya yi watanni a Roma. Duk wannan lokaci dukiyar ƙasar tana zurarewa zuwa aljihun shugaba da fadawansa, kamar yadda dā take zurarewa zuwa aljihun Leopold. Ranar 16 ga Fabrairu 1992 Kiristocin Kinshasa suka fito bayan Misa da rosari da gicciye a hannu suna neman a sake buɗe taron ƙasa, sojoji suka buɗe musu wuta, mutane da dama suka mutu.

Shahidi na uku na zamaninmu ne. Floribert Bwana Chui saurayi ne mai shekara 26, ma'aikacin hukumar da ke duba ingancin kayan da ake shigowa da su ta iyakar garin Goma. Aka kawo ruɓaɓɓen abinci, ciki har da shinkafa, aka nemi ya sa hannu ya wuce. Aka yi masa tayin kuɗi, ya ƙi. Aka ƙara, ya ƙi. Aka yi masa barazana, ya ce ba zai bari a sayar wa talakawa abin da zai kashe su ba. A watan Yuli na 2007 aka sace shi, bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa da alamun azaba. An ayyana shi Mai Albarka a Roma ranar 15 ga Yuni 2025.

Kada mu ɗauka hannun baƙi ya fita daga ƙasar. Dā danƙo ne, sa'an nan tagulla da yuraniyom, wanda da shi aka haɗa bom ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945, daga baya kuma ma'adinan da ake yin batir da wayar hannu. Da Paparoma Fransis ya ziyarci Kinshasa a ƙarshen Janairu 2023, ya yi tir da mulkin mallaka na tattalin arziki, ya ce a cire hannu daga Afirka. Amma baƙo ba ya kwashe kayan gida sai da ɗan gida da ya buɗe masa ƙofa.

6. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA

A littafin Fitowa mun ga Isra'ilawa suna yin tubali a ƙarƙashin shugabannin aikin gandu na Fir'auna. Allah ya ji kukansu ya fisshe su, ya kuma kafa musu Idin Ƙetarewa, wanda za mu iya cewa shi ne ranar 'yancinsu. Amma a Maimaitawar Shari'a sura 24, duk inda aka ce su tuna bautar Masar, abin da ke tare da shi umarni ne a kan halinsu: kada su karkata shari'ar baƙo da maraya, kada su karɓi tufar gwauruwa jingina, su bar kalar gona domin matalauci. Ba a ce su tuna domin su riƙe Masarawa a zuci ba. An ce su tuna domin kada su zama Fir'auna ga na ƙasa da su.

Sun kiyaye? Sarki Sulemanu ya ɗebi mutum 30,000 daga cikin Isra'ila ya sa su aikin tilas. Da ya mutu, jama'a suka roƙi ɗansa Rehobowam ya sassauta musu. Dattawa suka ba shi shawara ya zama mai yi wa jama'a hidima. Ya ƙi, ya bi shawarar samarin fada, ya ce horonsa zai fi bulalar ubansa zafi. A ranar mulkin ya tsage biyu. Jikokin bayi ne suka ɗauki bulala a kan 'yan'uwansu, a cikin ƙasar alkawari.

Wannan shi ne darasin Kwango. Ranar 'yanci takan sauke tuta ta ɗaga wata, amma bulalar tana nan a ajiye, tana jiran wanda zai ɗauka. Bakanja da Anuarite da Floribert ba su riƙe mulki ba. Ɗaya lebura ne, ɗaya malama, ɗaya ma'aikacin gwamnati. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu ya kai wurin da ya ce a'a, kuma babu bulala ko bindiga ko kuɗi da ya iya sauya amsarsa. Irin wannan 'yanci ne Manzo Bulus ya ce Almasihu ya 'yanta mu dominsa.

7. ABIN DA YA RAGE GARE MU

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma kakanninmu sun san aikin tilas a ramukan kuza na Jos a lokacin yaƙin duniya na biyu, mu ma muna da ranar bikinmu, 1 ga Oktoba. Ya kamata mu gaya wa 'ya'yanmu wannan tarihi yadda yake, ba ragi ba ƙari, har da wuraren da Ikkilisiya ta yi shiru. Sa'an nan kowa ya duba hannunsa. Yarinyar da muka ɗauko daga ƙauye tana yi mana aiki, tana zuwa makaranta kamar 'ya'yanmu? Leburan da ya yi mana noma, mun biya shi kafin rana ta faɗi? Mudun da muke awo da shi a kasuwa, cikakke ne? Takardar da ke kan teburinmu a ofis, sai an ba mu goro take motsawa? A nan ne ake tsare 'yancin ƙasa, a nan ne kuma ake sayar da shi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Bakanja ya gafarta, ya kuma nuna miyakunsa. Yaya za mu haɗa gafara da faɗin gaskiya idan an zalunce mu?
2. Me ya sa 'yan mishan da yawa suka yi shiru a zamanin Leopold? Wace irin kyauta ce za ta iya rufe bakin Ikkilisiya a yau?
3. Su wane ne ke ƙarƙashin ikonmu a gida da gona da wurin aiki? Da za a tambaye su, me za su ce game da mu?
4. Da Floribert ɗanmu ne ko mijinmu, wace shawara za mu ba shi a daren da aka yi masa barazana?

ADDU'A

Ya Allah Uba, kai da ka ji kukan bayinka a Masar, ka dubi mutanen Kwango da dukan ƙasashenmu na Afirka da idon rahama. Ka ba da hutawa ga waɗanda suka mutu a ƙarƙashin bulala ba wanda ya san sunayensu. Ka gafarta wa Ikkilisiyarka inda ta yi shiru, ka ba shugabanninmu zuciyar hidima, ka tsare hannuwanmu daga zaluntar na ƙasa da mu. Masu Albarka Isidore, Anuarite da Floribert, ku yi addu'a dominmu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.